Ɗana Yana Sauraron Kiɗan da Babu Waƙa, Babu Rawa: Lafiya Kuwa?

TAMBAYA

Malam, ni manomi ne a Wurno, albasa da rani, shinkafa da damina. Ɗana na biyu yana karatu a jami'a a Sakkwato. Tun da ya dawo hutun nan, kullum kunnensa a toshe da abin sauraro. Na ce ya sa mini in ji, sai na ji wani abu kamar iska, can sai fiyano ya ɗiga ɗaya-ɗaya, can kuma wani goge mai tsawo. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu ganga. Har na ƙosa ban ji an ce komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne yakan bi ni fadama ya ɗauki ƙarar injin ban-ruwa da kukan kwaɗi a wayarsa. Ranar kasuwar Achida ma ya ɗauko hayaniyar mutane, ya dawo ya zauna da kwamfuta yana harhaɗawa har dare. Mahaifiyarsa ta ce kiɗan iskoki ne, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Ƙanena kuma ya ce alamar shaye-shaye ce. Yaron yana salla, ba ya yi mini gardama, amma ya rage surutu. Don Allah mene ne wannan kiɗa, me yake ji a cikinsa, kuma lafiya kuwa?

Malam Umaru, daga Wurno, Jihar Sakkwato

AMSA

Malam Umaru, Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuriya, ya sa albarka a gona. In na fahimce ka, kana son ka san wane irin kiɗa ne wannan da ba a cewa komai a cikinsa, me ya sa saurayi mai jini a jika zai zauna masa sa'o'i, kuma ko akwai wata cuta da ta ɓuya a bayansa.

Ka fara kwantar da hankalinka. Abin da ka siffanta mini ba baƙo ba ne. Kiɗa ne sananne a duniya, yana da masu yinsa, ana koyar da shi a makarantu, kuma ɗalibai da ma'aikata masu ɗimbin yawa suna kunna shi lokacin karatu ko aiki. Sauraronsa kaɗai ba alamar taɓin hankali ba ne, ba kuma shaidar shaye-shaye ba ce. Ka kuma lura da abin da ka faɗa da bakinka: da ka ce ya sa maka, ya sa maka, kuma kai yake bi zuwa fadama. Yaron da ke ɓoye wani mugun abu ba ya miƙa wa mahaifinsa abin sauraro ya ce ga shi, ji.

Amma ban ga laifinka ba da abin ya ɗaure maka kai, haka ita ma uwargida. Mu kiɗanmu magana yake yi. In aka kaɗa kalangu, mahauci ya san takensa. In Narambaɗa ya buɗe baki, an san Sarkin Gobir na Isa yake wasawa. In Salihu Jankiɗi ne, fadar Sarkin Musulmi ce. Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi nan kusa da ku, in ya kama waƙar Shago, har wanda bai taɓa ɗaura zare a hannu ba sai ya ji kamar ya shiga fage. Gangar noma tana da aikinta, kiɗan biki yana da nasa. Saboda haka kunnen Bahaushe, da ya ji kiɗa, tambaya biyu yake yi: me aka ce, kuma wa ake yi wa? Kiɗan ɗanka ba ya amsa ko ɗaya. Ba shi da ubangida, ba ya kirari, ba ya zambo, ba ya tayar da kowa rawa. A al'adarmu kuma, kiɗan da aka ji yana maimaita kansa, mutum ya yi shiru ya lula a cikinsa, garaya da gogen 'yan bori yake tuna wa mutane. Daga nan tsoron uwargida ya fito, kuma tsoro ne na uwa mai kula da ɗanta.

To bari in warware maka abin da ke ciki. Abubuwa uku aka gauraya. Na farko tsohon kiɗan Turawa ne na fiyano da goge manya da ƙanana, wanda ake rubutawa a takarda, makaɗa su karanta su kaɗa, wani lokaci mutum tamanin ko fiye a wuri ɗaya. Na biyu sautin na'ura ne, wanda wutar lantarki ke haifarwa ba tare da an buga fata ko an ja tsirkiya ba. Wannan kam ka daɗe kana jin sa, domin waƙoƙin finafinanmu da na bukukuwa, tun shekarun 1990, kusan duk da fiyanon lantarki da kwamfuta ake kaɗa su a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna. Na uku shi ne sautin wuri: ruwa, iska, tsuntsaye, kasuwa, inji. Ana ɗauko su, a ja su, a tausasa su, a shimfiɗa su a ƙarƙashin sauran.

Yadda ake jan sautin ma ka san shi. Ka tuna lokacin rediyo mai kaset, in batir ya yi sanyi, yadda muryar Shata ke yin kauri tana jan ƙafa? Abin da ɗanka ke yi ke nan da gangan. In ya rage gudun ƙarar injinka zuwa rabi, sai ta nutse ta zama wani gurnani mai taushi. In ya ƙara mata amsa-kuwwa, sai ka ji kamar daga cikin rijiya take fitowa. In ya yanki ɗan guntu ya sa yana zagayowa, ya ɗora wani guntun da ya fi shi tsawo shi ma yana zagayowa, to ba za su riƙa haɗuwa a wuri ɗaya ba, kowane zagaye da yadda za su gamu. Mai sauraro yana jin kamar abu ɗaya ne, alhali yana ta sauyawa a hankali. Babu wani asiri a ciki, lissafi ne da haƙuri.

Wanda ya fi shahara da raɗa wa wannan salo suna wani Bature ne ɗan Ingila, Brian Eno. A farkon 1975 mota ta buge shi, ya yi jinya a kwance. Wata da ta zo duba shi ta kawo masa faifan garayar Turawa. Da aka kunna, sautin ya yi ƙasa ƙwarai, ga ruwan sama yana sauka a waje, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara murya. Dole ya kwanta yana jin kiɗan yana cuɗanya da ƙarar ruwa, sai ya ga ashe wannan ma wata hanyar sauraro ce. A 1978 ya fitar da faifan Music for Airports, wanda tunaninsa ya zo masa yana zaman jiran jirgi a filin jirgin saman Kolon, a Jamus. Manufarsa ita ce a samu kiɗan da mutum zai iya kasa masa kunne in ya so, ya kuma iya mantawa da shi in ya so. Kamar turaren wuta ne a ɗaki: ba a zama a zuba masa ido, amma ɗakin da aka turara daban yake da wanda ba a turara ba.

Ɗaukar ƙarar inji kuwa ta girmi wannan. A 1948 wani injiniyan gidan rediyo a Faransa, Pierre Schaeffer, ya je tashar jirgin ƙasa a Paris ya ɗauki ƙarar jirage ya harhaɗa ta ta zama kiɗa. Shekara huɗu kafin shi, a 1944, wani ɗalibi ɗan Masar mai suna Halim El-Dabh ya riga ya yi irin wannan gwaji da na'urar ɗaukar sauti a Alƙahira. A Najeriya ma akwai Emeka Ogboh, wanda ya yi suna a duniya da ɗaukar hayaniyar Legas, da ihun kwandastocin motocin danfo da kiran masu talla. Ka ga ke nan ɗanka da injin ban-ruwa da kasuwar Achida bai fita daga sahun mutane ba.

Wanda na fi so ka sani shi ne na kusa da gida. A Yamai akwai Mamman Sani. Yana aiki da hukumar UNESCO ne ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla, a hannun wani wakili ɗan ƙasar Ruwanda. Ya zauna da shi yana juya karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye, a hankali, ba gaggawa, mafi yawansu babu murya. A 1978, shekarar da faifan Eno ya fito, shi ma ya ɗauki nasa a gidan rediyon ƙasar Nijar, aka buga kaset kusan ɗari kacal. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, mutane suna ji ba su san mai shi ba. In ka taɓa murɗa rediyo ka kamo tashar Yamai, mai yiwuwa ka ji shi kai ma. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da kaset ɗin, aka fara gayyatar dattijon zuwa Turai. A bayansa wani matashi a Yamai, Hama, ya ɗauki irin wannan hanya, kiɗansa ya yaɗu daga waya zuwa waya ta memori kafin a san fuskarsa.

Mu kanmu ba mu rasa dangin wannan sauti ba, sai dai ba mu saba ware shi mu zauna masa ba. Dubi mai algaita a ƙofar fada: kumatu a kumbure, yana shaƙar numfashi ta hanci yana tura iskar da ya tara a baki, sautin ba ya yankewa ko kaɗan. Wannan dogon sauti mara yankewa shi ne ƙashin bayan kiɗan da ɗanka ke so. Dubi kuma yaro makiyayi da sarewarsa a bayan shanu, babu mai ba shi ko sisi, babu wanda yake wasawa, yana busa ne kawai don ya ɗebe wa kansa kewa.

Yanzu me yake ji a ciki? Zan faɗa maka abin da masu sonsa suka fi faɗa, kai kuma ka auna da ɗanka. Magana tana kama hankali ko mutum bai so ba. In kana karatu aka sa waƙar Ɗanƙwairo, kunnenka zai bi baitin ya bar littafin. Ɗalibin da ke kwana a ɗaki ɗaya da mutum shida ko takwas, ga janareta, ga musun ƙwallo, ga wayoyi suna ƙara, yana bukatar abin da zai rufe masa hayaniya ba tare da shi ma ya zame masa wata hayaniyar ba. Da yawa ta nan suke shiga. Daga baya sai kunne ya waye, ya fara jin ƙananan sauye-sauyen da ni da kai za mu ce duk ɗaya ne, kamar jiran lokacin da fiyanon zai sake ɗigowa, da inda gogen zai sauka.

Akwai kuma hutu. Kusan duk abin da ke shiga kunnen saurayi a yau nema yake yi a wurinsa: saya, zaɓa, tura, yi fushi, yi dariya. Wannan kiɗa ba ya neman komai. Wani mai tsara kiɗa, Max Richter, ya fitar da wani aiki a 2015 mai tsawon sa'a takwas da ɗoriya, sunansa Sleep, don a yi barci da shi. Inda ake kaɗa shi a fili, gadaje ake jerawa maimakon kujeru, mutane su biya kuɗi su zo su kwanta. Ni dai wannan ya fi ƙarfina, kuma ba zan ɓoye maka ba, a cikin irin wannan kiɗa akwai tarkace mai yawa, wanda mutum zai danna maɓalli ɗaya ya tafi shan shayi ya dawo ya ce ya yi fasaha. Amma mai kyau a cikinsa yana da kyau, kuma ana gane shi.

Kada mu manta da inda kuke zaune. Yaran gabashin Sakkwato sun tashi cikin shekarun da ba a kwana da ido biyu rufe. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 bai fita daga zukatan mutane ba, ga ƙauyukan Rabah da aka tasa, ga labarin da ke zuwa kusan kowane mako. Wani saurayin ƙwallo ke sanyaya masa rai, wani hira a majalisa, wani kuma shiru yake nema. In ɗanka ya samu wani abu da ke saukar masa da numfashi ba tare da ya haɗiyi ƙwaya ba, ban ga abin tashin hankali a nan ba.

Sai dai maganar da ka yi cewa ya rage surutu, ba zan tsallake ta ba, don ita ce ta fi kiɗan muhimmanci. Rage surutu iri biyu ne. Akwai na wanda ya girma, ya samu abin da ya ɗauke masa hankali. Akwai kuma na wanda damuwa ke ci. Ka bar kallon abin kunnen, ka kalli yaron. Yana cin abinci kamar da? Yana barci, ko yana kwana ido biyu ya wuni a kwance? Yana wanka yana kula da tufafinsa? In abokansa sun zo, yana fita? Sakamakon jarrabawarsa ya faɗi? Yana yawan neman kuɗi ba dalili, ko kaya suna ɓacewa a gida? Idanunsa suna ja, harshensa yana nauyi? Yana cewa yana jin muryoyi alhali babu abin da ke kunne, ko yana furta cewa ya gaji da rayuwa? In amsoshin nan lafiya lau ne, ka gode wa Allah ka bar shi. In kuwa ka ga biyu ko uku sun taru har sun wuce mako biyu, kada ka tsaya gardamar iskoki ne ko ƙwaya ce. Ku fara da babban asibitin da ke kusa, in an tura ku gaba, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Maganar gajiya da rayuwa kam ba a jira mata mako biyu, ranar da aka ji ta ake tafiya. Addu'a kuma ba a fasa ta ko da lafiya ko babu, amma kada a danne saurayi mai hankalinsa a yi masa ruƙiyyar dole saboda abin da yake sauraro. Zai ji an mai da shi mahaukaci a gidansu, kuma daga ranar zai daina nuna muku komai.

Batun hukuncin kiɗa a addini, wannan fagen malamai ne. Mafi yawan malaman mazhabobi sun tsananta a kan kayan kiɗa, wasu kamar Ibn Hazm da Imam Ghazali sun sassauta, kuma kai da ke garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance ba ka rasa wanda za ka tambaya ba. Shawarata ita ce ku tafi tare da yaron, shi ya bayyana abin da yake yi da bakinsa, domin ɗaukar ƙarar ruwa da tsuntsaye daban, kaɗa fiyano daban, kuma ya kamata malamin ya ji bambancin kafin ya amsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne a cire abin kunne in an kira salla, kada kuma ya ci lokacin karatun Alƙur'ani ko na makaranta.

Akwai haɗari biyu na zahiri da nake so ka yi masa magana a kansu yau ɗin nan. Na farko kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro, kuma ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar waya. Irin wannan kiɗa mai taushi yana da yaudara, domin in ana kusa da inji ko janareta sai a yi ta ƙara masa murya. In ka yi masa magana daga nesa da taku biyu bai ji ba, ya yi yawa. In ya cire ya ji kunnensa yana ƙara, ya huta masa. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Na biyu ya fi gaggawa. A halin da ake ciki, saurayin da aka gani yana ɗaga waya a kasuwa, ko kusa da shingen jami'an tsaro, ko a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, ana iya ɗaukarsa infoma, kuma kafin ya yi bayani an riga an taru. Kada ya ɗauki sauti a kasuwa sai ya gaya wa sarkin kasuwa ko shugabannin 'yan kasuwa, kada ya ɗauki hirar mutane ba da saninsu ba, kada ya kusanci wurin sojoji ko 'yan sanda da wannan niyya. Kada kuma ya fita fadama shi kaɗai da asuba ko bayan magariba don neman kukan kwaɗi, balle ya toshe kunnuwa biyu a kan hanya ko a kan babur. In zai je, ya bi ka, kunne a buɗe.

Wataƙila akwai wata damuwar da ba ka rubuta ba, amma na san iyaye da yawa da ke karanta wannan shafi suna da ita: kada ɗan mutunci ya zama makaɗi. Wannan sana'ar babu roƙo a cikinta, babu bin gidajen biki. Masu ita sukan samu aiki a haɗa sautin fim, shirye-shiryen rediyo, tallace-tallace da finafinan tarihi, kuma duk mai kallon finafinan Hausa ya san sau da yawa hoto yakan yi kyau sauti ya kwafsa, don haka akwai gurbi. Amma ka gaya masa gaskiya, kaɗan ne ƙwarai ke ci da wannan kiɗa shi kaɗai, ko a Turai. Digirinsa ne gaba, wannan ya biyo baya.

Abu na ƙarshe, Malam Umaru, ka sake zama ka saurara, amma wannan karon nasa za ka ce ya sa maka, wanda ya haɗa da hannunsa. Kada ka tambaye shi me aka ce. Ka tambaye shi wace ƙara ce wannan, a ina ya ɗauko ta, me ya yi mata. Za ka sha mamakin surutun da zai ɓarke da shi. Ka kira uwargida ta zauna, in ta gane da kunnenta cewa abin da take tsoro injin mijinta ne aka ja, rabin maganar ta ƙare. Ka ce ya nemo maka kiɗan Mamman Sani ku ji tare. In kuma kana da tsofaffin kaset na Ɗan Anace ko Narambaɗa a cikin akwati, ka fito masa da su, ka bayyana masa abin da ake faɗa da wanda ake yi wa, domin akwai yiwuwar bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi a kansu ba. In akwai mai algaita ko mai sarewa da kuka sani, ka haɗa su, ya nemi izini ya ɗauka, ya kuma ba shi ɗan abin goro.

Ka rubuto mana bayan ya koma makaranta mu ji yadda aka kwana. A gaishe da uwargida da ƙanen naka.